Gwanayen Haɗa Kwamfutar Gem da Kuɗi Ƙalilan

Sayen kwamfuta mai tsada ba ya buƙatar wata dabara. Wanda aljihunsa ke da nauyi, nuna wadda ta fi kowace kuɗi zai yi, a naɗe masa, ya kama gabansa. Inda ake gane gwani shi ne inda kuɗin ba su taka kara sun karya ba, buƙata kuma ta yi yawa. Ana son na'urar da za ta ɗauki ƙwallo da tseren mota ba ta sarƙewa, ta jure zafin bazara da ƙurar hunturu, kuma kada ta shanye batirin sola tun ba a yi Isha'i ba. Akwai samari a Kano da Katsina da wannan aikin ya zame musu jiki. Da yawansu a gindin wani oga suka koya, ba a aji ba, amma injiniya ake kiran su, kuma ni dai ban ga laifin mai kiran ba.

Masu zuwa wurinsu ba 'ya'yan masu hali kaɗai ba ne. A garuruwa irin su Zakka da Runka da Safana da Batsari, saurayi kan tara kuɗin gero ko wake ko dankalin da ya sayar, ko ya kai rago kasuwa, ya ƙudurta buɗe ɗan shago: cajin waya a gaba, tura fina-finai a gefe, benci biyu da talabijin a ciki inda yara za su riƙa biya suna buga gem. Kwamfuta ɗaya yake so ta riƙe masa duk wannan. Sai ya bi ta Dutsin-Ma da Kankiya da Bichi ya faɗa Kano, ya nufi titin Beirut ko kasuwar Farm Centre, inda kaya ke sauka daga Computer Village ta Ikeja da kasuwar Alaba ta Legas. Akasarinsu na hannu ne, tsofaffin kwamfutocin ofisoshin Turai da Amurka. Wanda ya yi irin wannan tafiyar, ba ta'aziyya ba ce a ce masa in ta ba shi matsala ya dawo da ita gobe. Dole zaɓin ya yi daidai tun karon farko.

Kusan kowa da magana ɗaya yake isowa.

“Oga, Core i7 nake so, mai girafik 4GB.”

Ɗan kasuwar da ciniki kaɗai ya dama zai ce akwai, ya miƙa hannu kan kanta. Gwani kuwa zai ja masa kujera.

“To ƙanena, sannu da hanya. Wace wuta kuke da ita a can, Nepa ko sola ko janareta? A wane allo za ka jona ta? Kuma wane gem yaranku suke bugawa?”

Bai tambayi furosesa ba, bai tambayi katin hoto ba. Amsoshin nan uku su ne za su zaɓa masa su, kuma nan ne hikimar sana'ar take.

Kowane hoto da ke bayyana a allo, aikin abu biyu ne. Furosesa ita ke lissafi: ina 'yan wasa 22 suke, ina ƙwallo za ta sauka, me ka danna a fad, alƙali zai busa ko ba zai busa ba. In ta gama sai ta miƙa wa katin hoto, shi kuma ya zana ciyawa da inuwa da riguna da 'yan kallo, ɗigo bayan ɗigo. Don wasa ya tafi sumul, ana son su maimaita wannan sau 60 a kowace daƙiƙa. Allo mai 1920 da 1080 yana da ɗigo 2,073,600, wato katin zai fenta ɗigo sama da miliyan 124 a daƙiƙa ɗaya. Yawancin ƙananan talabijin masu inci 32 da ake kafawa a shaguna kuwa 1366 da 768 ne, kusan rabin wancan aikin. Shi ya sa gwani ya tambayi allo. Ba zai sa ka sayi ƙarfin da talabijin ɗinka ba zai iya nunawa ba.

Mutumin Zakka ba sai an yi masa dogon bayani a kan daidaito ba, don ya san shanun huɗa. In ka haɗa ƙosasshen sa da maraƙi a karkiya ɗaya, ba da ƙarfin babban za a ja garma ba. Da numfashin ƙaramin za a tafi, kunya ta karkace, dusar da ka zuba wa babban ta tafi a banza. Furosesa da kati haka suke, kuma gwani yana da hanyar ganin wanda ke jan baya. Zai kunna gem, ya buɗe wata 'yar manhaja mai suna MSI Afterburner, lambobi su fito a kusurwar allo. In kati yana aiki da kashi 95 zuwa 99 cikin ɗari, furosesa kuma tana da sauran numfashi, haɗin ya yi. In furosesa ta cika ɗari bisa ɗari kati yana zaune a 50, an sayi katin da ya fi ƙarfin gidan, kuma wasan zai riƙa ɗan tsayawa yana fizga daidai lokacin da aka taru a bakin raga.

Sai batun suna, wanda ya fi komai cinye kuɗin mutane. Core i7 ba furosesa ɗaya ba ce, sunan dangi ne da Intel ta yi ta maimaitawa tun 2008. Abin dubawa shi ne lambar da ke biye da sunan, don ita ke faɗin zubin da aka yi ta. i7-2600 zubi na biyu ce, ta 2011. i7-3770 zubi na uku, ta 2012. i5-6500 zubi na shida, ta 2015. i3-12100 kuwa, wadda sunanta ke kama da ƙaramar ƙanwa, zubi na 12 ce, ta fito a Janairun 2022, kuma a gem tana yi wa waɗancan i7 biyun fintinkau, da wutar da ba ta kai tasu ba. Sai harafin ƙarshe. F na nufin babu sashen hoto a cikinta, in ba ka sa kati ba allo baƙi za ka gani. T mai tsimin wuta ce, galibi wat 35, an rage mata gudu. U ta laftof ce. Akwai i7-7500U da ke cike da kasuwa a cikin laftof masu sheƙi, ƙwayar aiki biyu kacal gare ta, alhali tsohuwar i5-3470 ta kwamfutar girke tana da huɗu. Sitikar i7 ce ake sayarwa, mai saye kuma ya tafi gida yana murna.

Abin da ke burge ni da waɗannan samarin shi ne ba sa raina tsoho, ba sa kuma bauta masa. Sun san i5-3470 ita ce kamfanin Rockstar ya ba da shawara a yi amfani da ita lokacin da GTA V ya fito a kwamfuta a Afrilun 2015, don haka ga mai buga wannan da PES 2017 ko PES 2021, ta isa. Sun kuma san inda iyakarta take. EA Sports FC 24, wanda ya gaji sunan FIFA a 2023, mafi ƙarancin abin da ya nema shi ne i5-6600K ko Ryzen 5 1600, da RAM 8GB, da kati GTX 1050 Ti ko RX 570. Wasu sababbin wasannin ma ba sa buɗewa sam a furosesar da ta girmi zubi na huɗu, saboda suna buƙatar wani tsarin umarni da ake kira AVX2, wanda Intel ta fara sawa a 2013. Ga kuma Microsoft ta janye tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga zubi na takwas take farawa. Saboda haka in kuɗi sun ɗan kai, gwani zai karkata da kai zuwa i5-8500 mai ƙwaya shida, ko da hakan na nufin haƙura da i7 ɗin da ka zo da ita a baki.

Hanya mafi araha, wadda ta fi yawa a kasuwanninmu, ita ce a ɗauki kwamfutar ofis, Dell OptiPlex ko HP EliteDesk ko Lenovo ThinkCentre, a sa mata kati. An ƙera su don su yi shekaru suna aiki safe da yamma, kuma kamfanoni na zubar da su da yawa a lokaci ɗaya, shi ya sa farashinsu ke faɗuwa. Amma ba don gem aka yi su ba, kuma suna da tarkuna da sai wanda ya buɗe ɗaruruwansu ya sani. Siririyar cikinsu ba ta karɓar kati mai cikakken tsayi, sai gajere mai ɗan guntun ƙarfe a baya. A wasu samfuran, ramin katin yana maƙale da fawa-fak, wato akwatin da ke ba kwamfutar wuta, kati mai kauri ba ya shiga ko da gajere ne. Fawa-fak ɗin kansa ƙarami ne, wat 240 ko 255, wani ma 180, kuma ba shi da wayar da ake jona wa kati ƙarin wuta. A OptiPlex 9020 ko canza shi ba ya yiwuwa kai tsaye, don bakin wutar madabod ɗin na Dell ne kaɗai, sai an nemo adafta.

To a nan lamba ɗaya ce ke mulki: 75. Ramin da ake cusa kati a madabod wat 75 yake iya bayarwa, ba ƙari. Duk katin da ya nemi fiye da haka sai da waya daga fawa-fak, mai baki shida ta ƙara 75, mai baki takwas ta ƙara 150. Don haka gwani ya haddace katunan da ke rayuwa da abin da rami ke bayarwa. GTX 750 Ti na 2014, wat 60, ya tsufa amma yana jan PES. GTX 1050 Ti na Oktoban 2016, 4GB, wat 75. GTX 1650 na 2019, wutarsu ɗaya da wancan amma ya fi shi ƙarfi, kuma in da za a ce in zaɓi ɗaya ga mai kwamfutar ofis, shi zan nuna. RTX 3050 mai 6GB na 2024, wat 70, ga wanda ya ɗan fi ƙarfi. Akwai kuma RX 6400 na AMD, wat 53, mai kyau a takarda, sai dai hanyoyi huɗu kacal yake amfani da su a ramin, kuma an tsara shi ne don sabon rami zubi na huɗu. In aka cusa shi a tsohuwar Dell mai zubi na uku, wani ɓangare na ƙarfinsa a hanya yake maƙalewa. Irin wannan ba a rubuta shi a jikin kwali.

Abin da ake rubutawa a kwali da manyan haruffa shi ne 4GB, kuma shi ne tarko na biyu bayan i7. Yawan ma'ajiyar kati ba shi ne ƙarfinsa ba. GT 730 mai 4GB yana nan birjik, kwalinsa da hoton jarumi riƙe da takobi, amma GTX 750 Ti mai 2GB ya ninka shi. GT 710 ma bai fi sashen hoton da ke cikin furosesar zubi na takwas ba, wato ka biya kuɗi ka sayi abin da kake da shi. Wanda ya fi cin rai shi ne GT 1030. Na asali ya fito a 2017 da ma'ajiya GDDR5 mai kai bayanai 48GB a daƙiƙa. A 2018 aka fito da wani mai DDR4, wanda ke kai kusan 17GB kawai, suna ɗaya, kwali kusan ɗaya. Gwani ba ya karanta gaban kwali, gefe yake juyawa ya nemi ƙananan haruffa.

Ka tsaya ka ga yadda yake karɓar kati na hannu, abin kallo ne. Zai fara ɗaga shi ya ji nauyinsa, ya juya bayansa ga haske yana neman inda allon ya yi duhu-duhu saboda zafi, ko inda aka taɓa shi da dalma. Ya sa yatsa ya kaɗa fanka, yana sauraron ko za ta yi ƙara, yana duba ko tana rawa a kan gindinta. Ya kalli kan sukurori ko sun sha sukundireba. Wani har shinshinawa yake yi, don ƙonannen abu ba ya ɓoye warinsa. Sai ya duba bakunan baya. In kati ya ce shi GTX 1050 Ti ne amma ga shuɗin bakin VGA a jikinsa, zai ajiye shi gefe ba tare da ya ce uffan ba, don Nvidia ta daina sa wannan tsohuwar hanyar tun daga wannan zubin. Galibin irin waɗannan GTS 450 ne na 2010 aka sauya wa suna a cikin ƙwaƙwalwa, har Windows ma ta yarda da ƙaryar. Manhajar GPU-Z ce ke tona asiri: na gaske ƙananan ƙwayoyin aiki 768 gare shi, jabun 192. In kati ya tsallake duk wannan, sai a ɗora masa FurMark, manhajar da ke matse shi iya matsewa, a bar shi minti 15 ko 20 ana kallon zafinsa, ana kallon allo ko zai fito da ɗige-ɗige masu launi ko layuka. Mai kayan da ya ce yana sauri ba zai jira gwajin nan ba, ya riga ya ba da amsa.

Akwai kati ɗaya da ke raba kan masu sana'ar, shi ne RX 580 mai 8GB na 2017. Ƙarfinsa ya wuce na 1050 Ti nesa ba kusa ba, farashinsa kuma ya faɗi warwas tun da kuɗin kirifto na Ethereum ya daina dogaro da haƙar kati ranar 15 ga Satumba, 2022, masu haƙar kirifto suka juye nasu a kasuwannin duniya. Da yawansu sun shekara da shekaru suna aiki dare da rana, wasu kuma da ake rubuta wa 2048SP, a gaskiya RX 570 ne da sabon suna. Duk da haka in an dace da mai lafiya, ba katin da ke ba da wannan ƙarfin a wannan kuɗin. Ga ɗan birni mai wadatacciyar wuta, ciniki ne mai kyau.

Amma wat 185 yake ci shi kaɗai, kuma nan ne tambayar farko take dawowa da nauyinta. Wutar KEDCO a ƙauyukan yammacin Katsina ba abin gina sana'a a kai ba ce, don haka shago a kan sola yake ko ƙaramin janareta, man fetur kuma tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 ya zama abin aunawa da cokali. Gwani zai ɗauko biro ya yi maka lissafi a bayan rasit. Batir mai bolt 12 da amfiya 200, wat 2,400 na awa ɗaya yake riƙewa, kuma in irin mai ruwa ne, rabi ake so a ci don ya yi ƙarko, wato 1,200. Dell mai 1050 Ti haɗe da talabijin, a ƙiyasce wat 200, za ta kai ka wajen awa shida, ban da abin da inbata ke ci. In ka sa RX 580 ka ƙara wat 110, wanda a awa takwas na aiki ya kai 880, kusan kashi uku cikin huɗu na abin da batirin nan ke iya bayarwa. Sannan sai ka sayi sabon fawa-fak, wataƙila da sabon gida. Katin da aka ce yana da araha ya jawo batir na biyu da ƙarin faifan sola. In kuma mutum ya nace sai shi, gwani ya san yadda zai lallashe shi: ya ɗaure gem a hoto 60 a daƙiƙa don kada katin ya riƙa zana abin da talabijin ba zai nuna ba, ya kuma rage masa bolt a manhajar AMD.

Fawa-fak ma ba a yarda da abin da ya faɗa da bakinsa. Akwai marasa nauyi da ake rubuta wa wat 500, amma in ka duba jadawalin gefe, layin bolt 12, wanda shi ne furosesa da kati ke sha, amfiya 18 ne, wato wat 216. Wasu tsofaffin da suka zo daga Amurka kuma suna da ɗan jan maɓalli a baya mai 115 da 230. Wanda ya jona ba tare da ya mai da shi 230 ba, ƙara ɗaya zai ji da hayaƙi.

Saboda wannan matsalar wutar ne nake ganin hanyar da ta fi dacewa da mai sola, in yana da kuɗin sabon haɗi, ita ce a bar kati gaba ɗaya tukuna. AMD tana da furosesoshi masu harafin G a ƙarshe, waɗanda sashen hotonsu na ciki ba na wasa ba ne: Ryzen 3 2200G ta 2018, Ryzen 5 3400G ta 2019, da Ryzen 5 5600G ta 2021 mai ƙwaya shida. Dukansu wat 65 ne, lissafi da zane duka a ciki. Ba su kai 1050 Ti ba, kada wani ya ruɗe ka, amma 5600G ta kai GT 1030 mai kyau, kuma a talabijin mai inci 32 tana jan PES da GTA V lafiya lau in an sassauta ƙawar hoto. Sirrinta yana wurin RAM. Tunda ba ta da ma'ajiyar kanta, ta kwamfutar take ara, don haka faɗin hanyar shi ne komai. Sanda ɗaya ta DDR4-3200 tana kai 25.6GB a daƙiƙa, sanda biyu a ramukan da suka dace su kai 51.2GB. Wanda ya sa sanda ɗaya mai 16GB maimakon biyu masu 8GB, kuɗi kusan ɗaya ya kashe, amma ya toshe rabin hanya. Na sha jin ana zagin Ryzen a kan laifin da na mai haɗawa ne.

Wani alherin wannan hanyar shi ne tana da gobe. Gurbin AM4 da waɗannan furosesoshin ke zama a kai ya fito tun 2016, kuma har 2024 AMD tana fitar masa da sababbi. In shago ya kama, aka ƙara sola, sai a sayo RX 6600 mai 8GB da wat 132 a cusa, kwamfutar ta koma wani aji ba tare da an zubar da komai ba. Sai dai a tabbatar an sabunta BIOS na madabod kafin a baro Kano, don tsofaffin A320 da B450 ba sa gane zubin 5000 sai da haka.

Intanet ma tana cikin lissafi. Mutanen Safana da Batsari ba su manta ba, a Satumban 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda matsalar tsaro, har da nasu, aka yi watanni a haka. A ƙarshen wannan watan ne Konami ta saki eFootball a madadin PES, wasan da kusan komai nasa ke rataye da sabis. FC 24 kuwa wurin ajiya 100GB yake nema, ban da sabuntawar da ke biyo baya. Shi ya sa gwani ke tambayar wane gem, kuma in ya ji daga inda ka fito, zai gina maka kwamfutar a kan wasannin da mutum biyu za su zauna da fad su buga ko da sabis ko babu. Waɗannan kuma, cikin sa'a, su ne marasa cin ƙarfi.

Zafi da ƙura ba sa buƙatar dogon bayani. A Afrilu da Mayu zafin Katsina yana haura digiri 40, shago mai rufin kwano kuma ya fi waje. Furosesa in ta doshi digiri 95 zuwa 100 rage gudunta take yi da kanta don kada ta ƙone, sai ka ga gem ɗin da ya tashi lafiya da safe yana ɗingishi da azahar. Kafin ya miƙa maka kwamfuta, gwani zai cire ƙarfen sanyaya, ya goge busasshen man da ya shekara goma a kai, ya ɗiga sabo kamar ƙwayar wake. Zai ce ka ɗora ta a tebur, ba a ƙasa ba, ka kuma riƙa hure ta da buloa in hunturu ya shigo, kana riƙe da fanka da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da kima. SSD kuwa ba ya ƙara gudun gem, amma yana rage zaman jira tsakanin wasa da wasa, kuma a gidan gem jira asara ce.

Abin da ya sa na fi girmama na ƙwarai a cikinsu shi ne sukan faɗi gaskiyar da ke rage musu ciniki. In saurayi ya ce ƙwallo kaɗai yake so, ba tura fim, ba buga takardu, ba gyaran hoton biki, ba koya wa yara gwajin JAMB a kwamfuta, wani zai dube shi ya ce:

“Ƙanena, in dai ƙwallo ce kawai, je ka nemi PS4 mai lafiya. Ka fi samun kwanciyar hankali.”

Kuma gaskiyarsa. PlayStation 4 ta 2013 ita kanta furosesar AMD mai haɗe da sashen hoto ce a cikinta, ba ta da rigimar direba ko Windows, yaro ma zai kunna ta. Kwamfuta tana cin kuɗinta ne in za ta yi aiki biyu ko uku, da rana ta nemo na cefane, da dare ta tara yara.

Farashi ban kawo ba da gangan, don tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a 2024, kayan kwamfuta da ita suke kwana suke tashi. Abin da ba ya canzawa shi ne rabon: in za a sa kati daban, shi ya kamata ya ɗauki kaso mafi tsoka, furosesa ta zama daidai wadda za ta iya ciyar da shi, kada kuma a matse fawa-fak don a sayi fitilu masu launi.

Don haka ɗan'uwa, in ka tashi daga Zakka ko Batsari da kuɗin guminka, rubuta abu uku a takarda kafin ka hau mota: ƙarfin inbata da batirinka ko janaretanka, girman talabijin ɗinka, da sunayen wasannin da za a buga. Miƙa wa injiniya takardar, ka bar maganar i7. Kada ka biya sai an kunna gem ɗin a gabanka ya yi minti 20 kana kallon lambobin kusurwa, a kuma rubuta maka cikakkiyar lambar furosesa da ta kati a rasit. Ware kuɗin fad biyu da sitabilaiza da na motar komawa tun kafin a fara ciniki. Wanda kuma ya zauna ya yi maka wannan lissafin, ya hana ka sayen abin da ba ka buƙata, ka biya shi ladan aikinsa ba tare da ja-in-ja ba, ka karɓi lambarsa.